Ina Sauraro, Malam

Duk makarantar ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Wato, shi ke nan. Yara ne suka laƙaba masa, malamai suka ɗauka, har hedimasta ya taɓa suɓutar baki ya kira shi da shi a gaban taron iyaye. Shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa yabo ne.

Hausa yake koyarwa a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma littafin labari ɗaya ne ajin ke karantawa tun Malam yana da baƙin gashi. Labarin wani saurayi ne da ya bi jirgin ruwa neman abin kansa, ya bar tsohuwarsa tana zaune a bakin ƙofa. Ɗan siririn littafi ne, yaro mai son karatu zai cinye shi a wuni guda. Amma fa sai idan littafin bai faɗa hannun Malam ba.

Ga yadda ake yi. Zai nuna yarinya da alli, ta miƙe ta fara: "Tsohuwa ta yi tagumi..."

"Dakata! Tagumi. Wato..."

Shi ke nan, an shiga uku. Sai ya tuɓe kalmar nan, ya binciko asalinta, ya tara danginta, ya nemo akasinta, ya sa aji kaf su zuba tagumi don su ji yadda yake. Allo ya cika fal, hannun rigarsa ya yi fari da alli, ƙararrawa ta kaɗa. Tsohuwa kuwa tana nan da taguminta sai wani makon.

A ba shi haƙƙinsa, yaransa sun san kalmomi. Ka haɗu da tsohon ɗalibinsa yana facin taya a bakin titi, zai warware maka bambancin ɗoki da zumuɗi ba tare da ya ajiye guduma ba. Amma tambaye shi ko saurayin nan ya dawo, sai ya ɗaga kafaɗa. Babu ajin da ya taɓa wuce tsakiyar littafin. Duk shekara jirgi na tashi, bai taɓa isa gaci ba.

Darasin da ya fi ji da shi kuwa na kalmar "sauraro" ne. Ranar har sabuwar hula yake sawa.

"Sauraro iri biyu ne," in ji shi, yana ɗaga yatsu. "Akwai na kunne, wato kasa kunne ka ji abin da ake faɗa. Akwai na zuciya, wato zaman jiran abin da bai zo ba. Duk wanda ya cakuɗa min su a jarrabawa, sifili!"

A gida akwai maiɗakinsa, wadda yake kira Innar yara. Tela ce, kekenta na jikin taga, ƙyallaye zube a ƙasa, allura soke a gefen ɗankwali. Ba ta yi karatun boko ba, amma Allah ya zuba mata son labari. Tun suna da ƙuruciya Malam ya saba mata: in an ci abinci an kwashe kwanoni, sai ya ba ta labarin daidai inda aji ya tsaya. Ita kuma ta tsayar da keke ta ce, "Ina sauraro, Malam."

Haka ta raka saurayin nan bakin ruwa shekara da shekaru. In sabon aji ya shigo aka koma shafin farko, sai ta ce, "Ikon Allah! Yau ma ya sake tafiya?" Wani lokacin kuma ta kasa haƙuri.

"Don Allah Malam, wai ya dawo kuwa?"

"Gaggawar me kike yi? Ke da ba ki gama sanin tagumi ba, ina ke ina ƙarshen littafi?"

Ya faɗi haka yana shafa gemu, kamar mai riƙe da babban sirri. Sirrin kuwa shi ne, shi ma bai sani ba. Ya sha buɗe babin ƙarshe a ofishin malamai, sai ya ci karo da wata kalma mai ƙiba, ya tafi ƙamus neman ta. Malam kuwa in ya shiga ƙamus, sai dai a rufe makaranta da shi.

Sannu a hankali "Na'am?" ta fara yawa a bakin Innar yara. Malam ya ɗora laifin a kan ƙarar keke. Wata mata ta ce a rage mata hannun riga, aka ƙara mata, aka yi cacar baki har maƙwabta suka leƙo. Babbar 'yarsu ce ta gaji ta kai ta asibiti, Malam ya bi su da biro a aljihu. Likita ya leƙa kunnuwan, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce ji yana tafiya kuma ba mai dawowa ba ne. Na dama ya riga ya rufe, na hagu saura kaɗan.

"Duk abin da kuke so ta ji, ku faɗa mata yanzu," in ji likita.

Malam ya gyara zama ya fara yi wa likita bayanin bambancin kurma da bebe. 'Yar ta ja hannun rigarsa suka fito.

Da suka isa gida Innar yara ba ta yi kuka ba. Ta zauna gaban kekenta ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Ka kawo littafin nan ka karanta min ƙarshensa tun ina ji. Tsohuwar nan ta tsaya min a rai."

Abin ya taɓa shi, wallahi ya taɓa shi. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Sai dai Malam mutum ne mai ƙa'ida: malami ba ya riga ajinsa. Don haka maimakon ya saka ɗan littafin a aljihu ya kawo gida, sai ya ƙudura cewa wannan zangon zai kora aji har ƙarshe, Innar yara ta ji komai bi da bi.

Washegari ya shiga aji ya ajiye alli a kan tebur. Yarinya ta karanta shafi, ta juya, ta karanta wani. Ba dakata, ba wato. Yara suka fara kallon juna, wani ya tambayi na kusa da shi ko Malam ba shi da lafiya. Kalmomi na wucewa ta gabansa yana haɗiye yawu, gumi na tsattsafo masa. Sai yarinyar ta karanta: "Tsohuwa na nan tana tsumayin ɗanta..."

Tsumayi! Haba, wa zai bar wannan ta wuce haka kawai? Hannunsa ya kai kan alli da kansa.

"Dakata!"

Tsumayi ya ci makon nan, dako ya ci na gaba.

"Baba," in ji 'yar, ranta a ɓace, "littafin nan dutse ne da ba ya ɗaukuwa? Inna fa yanzu sai an taɓa ta take juyowa."

"Gobe, in Allah ya yarda."

Gobe ta zo da bita, jibi da jarrabawa, gata da tulin takardun dubawa. Sai ranar da aka ba da hutu, aji na tsakiyar littafi kamar kullum, ya buɗe kabad ya ɗauko shi.

Ya tarar da ita tana kalmasa bakin zani da hannu. Ya jawo kujera ta ɓangaren hagunta, ya nuna mata bangon littafin. Fuskarta ta washe. Ya buɗe babin ƙarshe, ya kai baki kusa da kunnenta, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Ya karanta tiryan-tiryan, ko wato ɗaya bai ce ba. Maƙwabta suka yi tsit a bayan katanga. Abin mamaki, sai labarin ya kama shi. Ashe daɗi gare shi! Jirgi ya doso gaci, saurayin ya durƙusa a bakin ƙofa tsohuwa na shafa fuskarsa. Ya dawo. Malam ya rufe littafin, idonsa cike da hawaye, ya dube ta.

Tana ta ɗinkinta, tana murmushi. Da ta ga bakinsa ya daina motsi sai ta soke allura a ɗankwali, ta gyara zama.

"Ka gama bayanin kalmomin? To fara labarin, Malam. Ina sauraro."

Bai buƙaci ƙamus ba. Iri biyun nan shi ya koyar da su, kuma ya san wanda ya rage mata. Ya buɗe baki zai ce wato, ya rufe. Ya lashi yatsa, ya koma farkon babin, ya sake somawa.