Keken Juya Tattasai na Ari

Har yau ban san yadda abin nan yake gane bakin tabarma ya juyo ba, alhali ba shi da ido. Na tambayi Ari, ya yi bayani, ban gane ba. Wanda zan koma in tambaya kuma ƙasa ta rufe shi. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, ina share hawaye.

Barwa

Maigidana Malam Bukar yana kwance tun bayan girbi. Autanmu Ari yana lakwal, wato makarantar boko, a Difa, ya aiko cewa shi da abokansa sun ƙera wani abu tare da mushensu, wato malaminsu, yana so ya wuce makarantar koyon injuna. Malam kuwa ya ajiye masa gonar tattasai a bakin kogin Komadugu. Ya ce, "Je ki gano mini. In wasan yara ne, ki taho da shi."

Na fita kafin kiran assalatu da ƙullin busasshen kifi. Motar kasuwa ce, an ɗora mu kan buhunan tattasai, muka yi ta atishawa.

Hanya

A shingen jandarma aka tambaye ni inda za ni. Na ce zan je ganin robo, haka Ari ya kira abin da suka ƙera. Direba ya ce, "Iya, ɗanki ne ko sirikinki?" Mota duk ta ɗauki dariya. Sau biyu muka kafe a yashi, maza suka tura.

Difa

Mun shiga bayan azahar. Na sauka wurin ƙanwata, ta ba ni fura, muka wuce lakwal. Abin bai fi kwando girma ba: ƙafafun keken yara, batir, da ɗan injin da suka ciro daga tsohuwar rediyo. A bayansa manjagara ce. Aikinsa ya bi shanyar tattasai yana juyawa, don kada yaji ya ci idon mutum.

Da Ari ya kunna shi, ya tafi, ya kai bakin tabarma, ya juyo da kansa. Na matsa baya. A zuwa na biyu ya tsaya cik, yana ƙugi. Yara suka watse cin abinci. Ari ya durƙusa ya buɗe cikinsa. Na ajiye masa kifi a gefe, na ce, "Ci mana." Ya ce, "To, Iya," bai ɗago ba. Har magariba kifin yana nan, ƙudaje sun same shi.

Gida

Washegari na dawo ni kaɗai. Na zauna kusa da Malam na faɗa masa gaskiya: abin ya yi tafiya ɗaya ya mutu.

Ya ce, "Shi yaron fa, me ya yi?"

Na ba shi labarin kifin. Sai ya ce a ba ɗan ƙaninsa gonar ya noma, Ari ya wuce makarantar injunan. Yau Ari ne ke gyaran injunan ban ruwa daga nan har Boso. Na gode Allah, na gode wa direban nan da ƙanwata.

Malam bai kai Juma'a ba. Da safen ranar da ya rasu ya riƙe hannuna ya ce, "Falmata, duk motar da za ta tafi, ki aika masa da abinci. Yaron nan ba zai tuna ba."