Aikin Nasiru ne, ba na Alhaji ba

Tun bara nake jin raɗe-raɗin wai akwai mai jiran Nasiru ya kauce ya manna sunansa a kan aikin yaron. Na ce haba, Wudil ba ta lalace haka ba.

Da safen nan aka ce mini Nasiru ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, ɗan maƙwabcina ne, sana'arsa haɗa manhajar waya. Ya samo wata da aka haɗa a waje, mai nuna wa mutum wurin aika saƙo mafi kusa. Da ya gwada ta a nan sai ta tura shi birnin Kano, kamar mu ba ma aika komai. Shi ne ya hau mashin ya bi Utai, ya bi Dagumawa, duk shagon da direba ke tsayawa ya ɗauki kwali sai ya sa shi a taswira.

A gabana wani Alhaji, babba cikin 'yan kasuwarmu, ya ce masa, "Kai yaro, nemi sana'a. Wa zai tambayi waya hanyar tasha?"

Yau matan gidan Alhajin da manhajar suke aika turare Zariya.

Ganina da Nasiru na ƙarshe, ina fama da kwalin daddawa da man shanu na 'yata da ke Jos. Ya karɓa ya ɗaure da kansa, ya ce, "Baba, kar ka sha rana har tasha, bayan masallacinku ma ana karɓa." Yana tari. Na ce ya je asibiti, ya ce sai ya gama sa shagunan Ɗankaza a taswira.

Yana kwance a asibiti, Alhaji ya ba da aikin banar ƙaddamar da manhajar. Hotonsa ya cike ta, babbar riga har da sanda, babu sunan Nasiru ko a gefe. Ɗazu kuma a maƙabarta shi ne a sahun gaba, yana ta goge busasshen ido.

Nasiru ya bar mata da ƙananan yara. Ina so su tashi su tarar da sunan ubansu a kan abin da ya yi.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma, ya raya abin da ya bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Maganar banar kuwa, kar a ce tsufa ke sa ni sambatu. Sale mai buga bana ne ya faɗa mini a hanyar dawowa, kuma ya ce shi dai injinsa ba zai buga ta ba.