Haƙoran Baba Biyu

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, tsakar gidan hayarmu da ke Gwarinpa duk ta yi caɓi. Baba yana tsaye a gindin mangwaro sanye da singileti, yana busa turambon ɗinsa, dogon ƙahon nan na tagulla da ake tura hannunsa gaba a jawo baya. Ni kuwa ina bakin rijiya ina buga ƙwallo da yaran gidan, alhali Mama ta tara mini kwanuka in wanke. Mace ce ni, amma babu yaron da ya kai ni ƙarfin ƙafa, kuma na san da haka, har ina ji da kaina.

Baba a wurin 'yan badujala ya koyi busa tun yana saurayi a Jos. Da ya zo Abuja sai ya shiga wata ƙungiyar masu kiɗan jaz da ke wasa a wani otel cikin gari. Maƙwabta ba su iya faɗin turambon ba, sai suka laƙaba masa Oga Kakaki, shi ma ya karɓa. Aikina ne in cika masa 'yar kwalbar ruwan da yake fesa wa hannun ƙahon don ya yi santsi, in goge tagullar da tsohon zanen Mama har in ga fuskata a ciki. Sauran yara kuma su yanko karan ganyen gwanda su jeru a bayansa suna busawa, kumatu kamar na kwaɗi. Mutum ne mai wasa da dariya, amma a kan bakinsa ba ya wasa. Ba ya shan rake, ba ya tauna ƙashi, ba ya buɗe kwalba da haƙori. Idan Mama ta tsokane shi cewa ya fi amarya tattalin baki, sai ya ce, "Ke dai bari. Haƙoran nan su ne gonata." Doka ɗaya ya kafa mana: idan yana busa, kar kowa ya yi guje-guje a gabansa.

A ranar na taka dokar. Na doki ƙwallon da iya ƙarfina, ta zame a caɓi, ta tafi kai tsaye ta daki faffaɗan bakin ƙahon. Ƙarfen da ke kan leɓensa ya koma ciki. Ban ji ihu ba, kiɗan ne kawai ya yanke. Baba ya durƙusa, ya fara ajiye turambon a kan benci a hankali, sannan ya tofar da jini a tafin hannunsa. Haƙoransa biyu na gaba suna ciki. Yara suka watse, ni na kasa ko motsi. Na so a ce duka ya yi mini, amma ya dube ni kawai ya ce, "Ladi, kawo ruwa."

An ɗinke leɓen, daga baya aka sa masa haƙoran roba. Wata uku yana jiran ciwon ya warke, sannan ya koma gindin mangwaro. Wannan lokacin ne ya fi ci mini rai. Zai ɗora ƙarfen a baki ya hura, iska ta riƙa tsiyaya ta gefe, murya ta fito a dishe, idan ya nemi hawa sama sai ta tsinke. Ya sake, ya kuma sakewa, har gumi ya jiƙa singiletin. Ni ina tsaye da kwalbar ruwa, ina fesawa tun bai ce in fesa ba, don shi kaɗai ne abin da na iya. Na yi addu'a a coci, na daina buga ƙwallo, har na daina shan rake, kamar hakan zai mayar masa da wani abu. Abokan kiɗansa sun yi haƙuri daidai gwargwado. Wata rana shugabansu ya zo ya zauna ya saurare shi, sannan ya ce, "Oga, ka ƙara hutawa tukuna." Baba ya gane. Kafin shekara ta zagayo ya koma kasuwar Zuba wurin wansa, suna sayar da lemo da kankana, turambon kuma ya hau saman kwaba.

Yanzu Baba ya tsufa, yana zaune a gidana. An rushe gidan hayar nan, mangwaron ma babu shi. Jikokinsa suna jin kiɗa iri-iri a waya, ba su taɓa jin nasa ba, a wurinsu shi tsoho ne mai ba su lemo. Amma idan aka saka jaz a rediyo, ina ganin hannunsa na dama yana tafiya gaba yana dawowa cikin iska, bai ma san yana yi ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na roƙe shi gafara. Ya yi dariya ya ce, "Haba Ladi, ƙwallo ce fa, ba ta da ido." Ya yafe mini tun ranar, na sani. Ni ce dai har yau nake tsaye da kwalbar ruwa a hannu.