Ranar da Aka Kulle Mu a Sito

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira suna jin waya a kashe, ku yafe mini. Ina raye, sai dai yatsun ƙafata biyu sun riga ni tafiya.

Ga wanda bai san ni ba, Sahabi ne, mai sarin kifi a kasuwar Yelwa.

Da ƙayar kifin kurungu abin ya fara. Muna sauke kwanduna a bakin ruwa ta soke ni a ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Na zare, na shafa gishiri, na ci gaba da ciniki.

Sati biyu wurin bai kame ba. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga rama. Na ce zafin gari ne.

Da ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka nuna mini wani asibitin kuɗi. Ba zan kama suna ba. Sabon fenti, tayil, fanka, kuma babu layi. A bango akwai takarda cikin gilashi da hatiminta. Ban karanta ba, ganin hatimin ya ishe ni.

Suka ba ni gado. Kullum wankin ciwo, allura, ƙarin ruwa. Almakashin da aka yanke mini ruɓaɓɓen nama, shi za a tsoma a roba a juya kan na kusa da ni.

Matata Hajara ta ce wa mai asibitin, "Likita, ba a ɗibar jininshi a auna?"

Ya ce, "Hajiya, ke ce likita ko ni?"

Kwana tara, yatsan ya yi baƙi ƙirin, na kusa da shi ya bi. Wari ya kai ni kaina ina toshe hanci. Inna ta zo daga Wara, ta ɗaga zanen da aka rufe ƙafar, ta mayar, ta juya fuska bango. Ran nan na fara yi wa Hajara wasiyya.

Rana ta goma da hantsi, sai asibiti ya hautsine. Ana goge ƙasa, ana kwance gadaje ana fita da su ta baya. Wata nas ta raɗa mana cewa masu binciken asibitoci suna hanya. Ashe takardar bangon izinin duba mara lafiya ne ya koma gida. Ba su da izinin kwantarwa, balle yanka.

Mu huɗu aka kwasa aka kai sito, kusa da janareta, cikin kwalaye da jarkokin mai. Hajara ta ce inda na shiga nan za ta shiga. Mai asibitin ya ce, "Awa ɗaya ce. Wanda ya yi ko tari, ya nemi wani wurin."

Muka ji kwaɗo ya ce ƙas.

Babu taga. Ruwan da ake ƙara mini ya ƙare, jini ya fara hawa robar. Wani tsoho daga Shanga, Malam Garba, yana gefena yana numfashi sama-sama. Idona ya soma ganin duhu.

Muna jiyo muryoyin baƙin suna zagayawa. Hajara ta miƙe. Na riƙe bakin zanenta.

Wannan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Ni na roƙe ta ta yi shiru. Na ce, "Don Allah zamna. In sun kore mu, ina za mu da wagga ƙafa?"

Ta ce mini, "Malam, in na zamna, gawarka zan fita da ita."

Ta ɗauki ƙarfen rataya ruwa ta shiga dukan ƙofa tana ihu, "Akwai mutane nan! Akwai mutane!"

Wata murya ta mace ta ce, "Mene ne a nan?"

Mai asibitin ya ce, "Sito ne, ranki ya daɗe."

"Sito yana ihu? A buɗe."

Likita ce cikin masu binciken. Ta durƙusa, ta dubi ƙafar, ta ce, "Nawa sugansa?" Ta buɗe fayil ɗina, babu. Ta sa aka ɗauko na'urar awo daga motarsu, ta tsaga mini yatsa.

Ta ce, "Bawan Allah, kana da ciwon suga. Kuma ruwan da ake ƙara maka mai suga ne."

Kwana goma muna sayen abin da ke kashe ni.

Aka wuce da mu asibitin gwamnati. Gwajin jini, hoton ƙashi, allurar insulin safe da yamma. Likitan tiyata bai ɓoye mini ba, ya ce in ruɓar ta ci gaba, daga ƙasan gwiwa za a yanke. Ya zana layi da biro a sangalina, daidai inda jan kumburin ya tsaya.

Kwana biyar, kowace safiya kafin in dubi fuskar kowa layin nake duba. Na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ina tunanin wa zai shiga kasuwa, wa zai ciyar da yara huɗu.

Jan bai tsallake layin ba. Yatsu biyu aka cire. Firizar kifina ta tafi a magani, ban yi baƙin ciki ba.

Malam Garba bai kai sati ba. Allah Ya jiƙan shi.

An rufe wancan asibitin. Ni kuwa yanzu ina takawa ba sanda, tuwo kaɗan, shayi ba suga.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da 'yan kasuwa da suka riƙe mini rumfa, da likitar da har yau ban san sunanta ba. Hajara kuwa, bakina ya yi kaɗan.

Shawarata, in ciwo ya wuce sati bai kame ba, a auna suga. In kun shiga asibiti ku karanta takardar bango, ku tambaya mi aka yarje musu su yi. In ba ku iya karatu ba, ku ba wani ya karanta. Likitan da tambaya ke ɓata wa rai, ku ɗauki mara lafiyarku ku fita.

Kuma in mai jinyarku ya ce zai yi magana, kada ku riƙe mai riga yadda na yi.