Zoben da Aka Sa wa 'Yar Farina a Ido

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Takur a Dutse, mu uku: ni, da 'yar farina mai shekara goma sha tara, da goggonta, wato yayata, wadda ta taso daga Taura don ta raka mu. Wani asibitin ido muka nufa a Kano. Gani ne yake neman kuɓuce wa yarinyar, an sauya mata tabarau sau uku duk a banza.

A tasha direba ya ce mai ya tashi, don haka kuɗin mota ma ya tashi. Yaya ta ja ciniki kamar mai sayar da karsana. Ba a rage ko sisi ba, amma ta ci kujerar gaba. Damina ta zauna, gero da dawa sun yi shar har Kwanar Huguma. A Wudil muka karya da koko da ƙosai, masu kifi suna cusa mana faranti ta taga. Duk tsawon hanyar ban ce wa yarinyar uffan ba. Mu asalinmu Fulani ne. Shanu sun ƙare, mun koma aikin ofis, amma a gidanmu har yau uwa da uba ba sa zaman hira da ɗan fari. In ina da magana, Yaya nake faɗa wa ta isar.

Bayan awo, likita ya ce sunan ciwon keratokonus. Fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido ce take sirancewa, ta turo gaba ta yi tsini kamar kan ƙwai, sai komai ya riƙa rarrabuwa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, tun yaushe ta fara?" Na ce bara. Sai yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun ina aji biyu a sakandare."

Nan na shiga tuna baya. Shekara da shekaru takan wuce ni a bakin layi ba ta ɗago ba, in na shigo gida ta ƙanƙance ido ta kau da kai. Ni kuwa har yabonta nake yi a majalisa, wai ta gado kunyar kakanninta. Ashe gane ni ne ba ta yi. Wallahi ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Washegari aka yi wa idon dama aiki. Maganin kashe zafi aka ɗiga mata, tana farke likita ya zura wasu siraran rabin zobe guda biyu na roba a cikin fatar, don su miƙe ta tsinin ya kwanta. Ba a jima ba aka fito da ita. Aka ce ban da sosa ido, ban da kwalli, abin da Yaya ta kira zalunci. Na hagu kuwa ya riga ya yi tabo, zobe ba zai yi masa komai ba, sai dai dashen wata fatar in Allah Ya sa an samu. Likita ya ce, "Da an zo da wuri..." bai ƙarasa ba.

Kwana uku muka yi muka juyo, la'asar sakaliya duwatsun Dutse suka bayyana. Ni ban ce a yar da al'ada ba, kunya ado ce. Amma jama'a, wannan kunyar ido guda ta ci mana, kuma ni da nake uba ni na fi kowa laifi.

Da muka shiga gida aka gama sannu da zuwa, na tsaya a ƙofar ɗakinta, ban aiki kowa ba. Na ce, "Akwai wani abin da yake damunki da ban sani ba?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Akwai, Baffa."

Na jawo kujera na zauna.