Yadda Zinariya Ta Naɗa Cindo Sarauta

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Gagarawa, akwai wata makarantar boko a gefen garin Gumel. Ɗakuna uku ne na ƙasa da rumfa ɗaya, sai wata tsamiya a tsakar fili. Ɗalibanta ba su kai talatin ba, kuma yawancinsu ba ƙananan yara ba ne. Samari ne da aka ɗebo daga ƙauyuka, wasu har gemu ya fara tsiro musu, ana shirya su don su wuce Kano ƙaro karatu. A nan suke kwana, a nan suke ci, kuma wadda take dafa musu abincin ita ce Zinariya.

Sunanta na yanka Safara'u, amma tun tana goye kakarta ta laƙaba mata Zinariya, sunan ya bi ta har tsufa. 'Yar Maigatari ce. Mahaifinta falke ne mai safarar kanwa da jakuna tsakanin Damagaram da kasuwar garinsu, don haka a cikin hayaniyar kasuwa ta tashi, ta san kowa, kowa ya san ta. Aure ya kawo ta Gumel gidan Ilu mai haƙar rijiya. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'yarsu ɗaya Hannatu kuma ta yi aure, sai zaman shiru ya ishe ta. Tana jin ana neman mai tuƙa wa 'yan makaranta tuwo, ta yafa zanenta ta je da ƙafarta. Lokacin ta ba hamsin baya, amma tukunyar da mata biyu suke kamawa, ita kaɗai take sauke ta.

Tuwonta ba laifi, miyar kukarta kuwa har malamai suna aiko da kwano. Sai dai ba abincin ne ya fi jan ɗalibai zuwa madafa ba, bakinta ne. Kafin ta gama raba kokon safe, kowa ya ji saniyar wa ta haifi tagwaye, rijiyar wace unguwa ce ta rufta, wane ne ya dawo daga Makka bayan shekara bakwai a ƙafa. Shugaban makarantar, Malam Rufa'i, mutum ne mai kamewa, ba ya son surutu. Duk da haka kullum da safe sai ya sami dalilin zuwa duba rumbun gero, wanda yake daf da murhunta, kuma ba ya gama dubawar sai ta kai ƙarshen labari.

Kowace Alhamis, da an sallame sallar asuba, Zinariya takan bar girki a hannun maƙwabciyarta Lauratu, ta hau jaki ta nufi kasuwar Maigatari sayen daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa. Sayayyar ba ta ɗaukar ta lokaci. Abin da ke cinye mata yini shi ne dangin ɗalibai. Da ta zauna a rumfar masu kanwa sai su kewaye ta, kakanni da goggonni da kawunnai daga Sule Tankarkar da Gagarawa da ƙauyukan bakin iyaka, kowa da tambayarsa. Wai da gaske ne ana sa su gudu da sassafe ba wanda ya koro su? Wai daga hagu suke fara rubutu? Yana ci yana ƙoshi kuwa? Ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kwantar musu da hankali, ta karɓi saƙon ƙuli-ƙuli da dakakken yaji, ta ɗaure kowanne a ƙullinsa ba tare da ta rikita na wani da na wani ba.

Aibinta ɗaya ne: ba ta iya ba da labari ba tare da ta ƙara masa gishiri ba. Ba don mugunta ba. Ita dai in ta ga fuskar tsohuwa ta fara washewa, sai ta ji ba za ta iya tsayawa a nan ba.

A cikin ɗaliban akwai Cindo, ɗan farin Ɗantsoho maƙerin Gagarawa, saurayi mai natsuwa ɗan shekara goma sha shida. Wata Laraba Malam Rufa'i ya tara ɗalibai a gindin tsamiya ya ce daga yau Cindo ne babban ɗalibi. Aikinsa ya kira sunaye da safe, ya riƙe mabuɗin akwatin littattafai, ya kuma buga ƙararrawa. Ƙararrawar nan ba wata aba ba ce illa tsohon bakin garma da aka rataye a reshe, ana dukansa da dutse.

Washegari a kasuwa, goggon Cindo, wata mai sayar da tabarmi da ake kira Yelwa, ta matso kusa da Zinariya ta ce, "Yaya, ina labarin ɗan namu?"

"Ɗanku?" in ji Zinariya, ta tafa hannu. "Ai ɗanku ya wuce tambaya. Jiya Malam ya tara makaranta kaf, ya ɗora shi a kan kowa. Mabuɗi ma a hannunsa yake. In bai ce a shiga ba, ba mai shiga. In bai ce a fita ba, ba mai fita. Sarkinsu ne fa sosai!"

Yelwa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar rumfar kanwa, ta naɗe tabarminta tun kasuwa ba ta watse ba. Kafin labarin ya isa Gagarawa ya bi ta bakin mutum biyar. Da ya shiga zauren Ɗantsoho, cewa aka yi an naɗa ɗansa sarautar makaranta, an danƙa masa mabuɗan gari.

Ranar Litinin da hantsi, Malam Rufa'i yana tsaka da koyar da lissafi, sai aka jiyo kiɗan dundufa, gangar maƙera, yana matsowa. Ɗalibai suka fara leƙe ta taga. Can sai ga ayari ya shigo fili: Ɗantsoho a gaba cikin babbar riga, ƙannensa biyu suna jan wani ƙosasshen rago, Yelwa da wasu tsofaffi suna guɗa, wani dattijo kuma riƙe da sabon rawani a kan faifai.

Zinariya tana tankaɗe a madafa. Tana hango Yelwa, ta gane abin da ya kawo su. Ta ajiye rariya ta zagaya bayan rumbu ta tsaya, tana jin duk abin da ake faɗa.

Malam Rufa'i ya fito da alli a hannu. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Sannan Ɗantsoho ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun ji abin alherin da aka yi wa yaron nan. Ba a aiko mana ba, amma mun ce ba za mu zauna ba. Ga ɗan abin da muka zo da shi na murnar sarauta."

"Sarauta?" in ji Malam. "Wace sarauta?"

Kiɗa ya tsaya. Cindo, da ke bakin ƙofar aji, ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wasu daga cikin ɗaliban suka toshe baki da hula.

Zinariya ta ga in ta ƙara jinkiri, dattijon nan zai sha kunya a gaban yara, kuma ita ta jawo. Ta fito hannu duk gari, ta durƙusa a tsakanin mutanen biyu.

"Malam, ni ce. Baban Cindo, laifina ne. Abin da aka ba shi shugabancin 'yan uwansa ne, ni kuma bakina ya zarce. Ba rawani, ba gari. Ku yafe ni."

Ɗantsoho ya dubi ragon, ya dubi mutanen da ya taso tun daga Gagarawa. Sannan ya juya ga Malam.

"To, shi aikin nasa mene ne?"

Malam ya yi bayanin kiran suna da mabuɗin akwati, ya nuna bakin garmar da ke rataye. Ya sa Cindo ya je ya buga. Cindo ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa sau uku, nan da nan ɗalibai suka fito da gudu suka yi sahu, kowa ya miƙe ƙyam.

Ɗantsoho ya shafa gemu. "In ya buga wannan, duk sai sun fito?"

"Duk sai sun fito."

"In kuma ya buga na shiga?"

"Kowa sai ya shiga. Har ni."

"Har Malam?"

"Har ni," in ji Malam Rufa'i, yana ƙoƙarin danne murmushi.

Ɗantsoho ya juya ga mutanensa ya ce, "To, ai sarauta ce. Dagacinmu ma sai ya aika sau uku kafin a taru. Ku ci gaba da kiɗa!"

Fili ya kaure da dariya da guɗa. Ranar dai lissafi bai ƙaru ba. Aka yanka rago, Zinariya ta tuƙa tuwon da ya ishi baƙi da 'yan gida, tana tuƙi tana share hawayen dariya da na kunya a haɗe. Malam ya hana a naɗa wa Cindo rawanin, ya ce a ajiye masa sai ya gama karatu. Amma ya sa shi ya karanta shafi guda a gaban mahaifinsa, ya kuma rubuta sunan kowane baƙo a allo. Ɗantsoho ya daɗe yana kallon nasa sunan, ya ce bai taɓa zaton yana da tsawo haka ba.

Da za su tafi, ya tsaya a gindin tsamiya ya ƙwanƙwasa bakin garmar da farce, ya yamutsa fuska. Ya ce abin kunya ne a ce ɗan maƙeri ne yake dukan wannan. Bayan mako biyu ya aiko da ƙararrawa ta gaske da ya ƙera da hannunsa, wadda in an buga ta har masu ɗiban ruwa a rijiyar ƙofar gari suna ji.

Malam Rufa'i bai yi wa Zinariya faɗa ba, dabara ya yi. Daga makon nan, kowace Laraba sai manyan ɗalibai su zauna su rubuta labarun makaranta a takarda guda, boko a sama, ajami a ƙasa don malaman ƙauye su iya karantawa: wanda ya yi zazzaɓi ya warke, wanda ya fi kowa a lissafi, yadda gyaɗar gonar makaranta ta yi. Zinariya ce take kai takardar Maigatari, wani mai ɗinkin hula ya karanta wa jama'a a rumfar kanwa. Ta karɓi tsarin hannu biyu, sai dai ba ta yi ritaya ba. Da mai karatu ya kai aya, sai ta gyara zama ta ce, "To, takarda ta faɗi nata. Saura abin da ba ta gani ba." Mutane kuwa ba sa tashi sai sun ji wannan kashin. Abin da ya canja kawai, in ta ji bakinta zai zarce, takan tsaya ta ce, "A rage kaɗan," ta sake faɗa daidai.

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana wannan aiki. Cindo ya wuce Kano, ya dawo yana aikin duba rijiyoyi, ɗalibai da yawa sun zo sun tafi. Da gwiwa ta fara hana ta hawa jaki, 'yarta Hannatu ta zo ta ce lallai sai ta koma wurinta Maigatari ta huta. Ranar tafiyar, ɗalibai suka ɗaura mata kaya a kan jakuna biyu, suka raka ta har bayan gari. Malam Rufa'i, wanda furfura ta fara fito masa, ya yi mata addu'a mai tsawo, ya juya zai koma. Ya yi taku kaɗan sai ya dawo.

"Iya," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "rigimar nan ta mahauta da kika fara ba da labarinta jiya, a ina aka kwana?"

Zinariya ta sa aka tsayar da jakunan, ta nemi inuwa ta zauna, ta ɗauko masa labarin tun daga farko.