Ɓarawon Teku da Hannun Baba

Baba ya faɗi ne a gonar riɗi, yana cikin ɗaurin dami. A amalanke aka kawo shi gida, daga nan aka sa shi a mota zuwa asibiti a Gumel. Kwana tara muka yi a can. Da muka dawo ƙauyenmu, nan gaba da Ɗanzomo kaɗan, ɓarin jikinsa na dama ya riga ya shanye. Ƙafar tana jan ƙasa, bakin ya ɗan karkace, hannun kuma yana kwance a cinyarsa kamar wani ne ya manta shi a wurin.

Ni kaɗai ce a gidan. Innarmu ta rasu tun ina aji biyu a sakandare, Baba bai sake aure ba, yayana kuma yaron mota ne tsakanin Maigatari da Damagaram, sai mu yi sati uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Baffa, ƙanin Baba, yana zuwa safe da yamma ya yi masa wanka ya kai shi bayan gida. Sauran aikin duk nawa ne.

Masu zuwa dubiya sukan ce, "Sannu, yarinya, kina ƙoƙari." Sai in ce yauwa. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a gida ba. Ba dauriya ba ce. Kawai na duba cikina ban tarar da komai ba. In tashi, in hura wuta, in dama koko, in ba da magani, in wanke, in share. Rana ta fito, rana ta faɗi.

Matsalar ɗaya ce: Baba ya ƙi cin abinci.

Hannunsa na hagu lafiyarsa ƙalau. Yana kore ƙuda da shi, yana gyara hula da shi. Amma da na ajiye masa kwano sai ya tsaya yana kallonsa.

"Baba, ga tuwo."

"Na gani."

"To ci mana."

"Da me?"

"Da hannun da ke aiki."

Ya ɗaga hagun ya dube shi, ya dube ni. Maganarsa a lokacin a hankali take fita, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. "Uwata, wannan hannun kin san aikinsa."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da wani abu ba sai Uwata. Na san aikin hannun. Kowa ya sani, hannun tsarki ne. Na ce to ga cokali. Ya ce cokalin da wane hannu za a riƙe shi? Na ce to buɗe baki in ba ka. Ya juya fuska bango.

"In na koma jariri, sai ki nemo zani ki goya ni."

Baffa ya kawo liman. Liman ya zauna ya yi bayani mai tsawo, ya ce lalura ce, babu laifi a kansa ko kaɗan. Baba ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam." Liman ya tafi, tuwo ya kwana. Gwaggo ta zo daga Gagarawa ta yi ta kuka a gabansa, ta ce ai ko don marainiyar nan ya ci. Ya ce mata ta gaida gida. Abin da kawai yake yarda da shi koko ne ko kunu, idan na kafa masa kofi a baki, don a wurinsa wannan sha ne, kuma sha ba ya zubar da girma. Mutumin da duk Alhamis yake kokawa da raguna a kasuwar Maigatari, cikin wata guda sai ga ƙashin wuyansa a waje, rigarsa ta yi masa yawa.

Matar da ke yi masa gashi a asibiti ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, shi ya sa jininmu ya haɗu. Ta matsa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce babban yatsan akwai sauran rai a cikinsa. Ta ba shi 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Sannan ta ja ni gefe ta ce, "Ki ji da kyau. In ba ya cin abinci, ba abin da gashina zai yi masa. Koko ba ya riƙe babban mutum. A haka ba zai kai damina ba." Na ce to. Na ji maganar sarai, amma kamar labarin wani gida ake ba ni. Ƙwallon kuwa kwana biyu ta yi, ya cillar da ita, akuya ta tauna.

Akwai wani gem, irin wasan nan na cikin waya, da mai cajin waya ya tura min tare da wasu waƙoƙi, ban ma roƙe shi ba. Na fara bugawa ne don bayan azahar babu abin yi sai zama kusa da Baba a inuwar darbejiya, shi yana kallon katanga ni ina kallonsa.

Wasan wani ɗan fashin teku ne, gajere, mai jan ɗankwali a ka. Hannunsa ɗaya ƙugiya ce ta ƙarfe, ɗayan yana riƙe da takobi. Yana gudu a kan jirgin ruwa, ya tsallake rami, ya hau igiya, ya sare ƙaguwa, ya kauce wa harsashin igwa. A gefen hagu na waya akwai inda ake danna shi ya yi gaba ko baya. A gefen dama maɓalli biyu ne kacal, tsalle da sara. Ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan gari idan damina ta yi kyau. Amma ba a buƙatar sanin teku.

In faɗi gaskiya, gem ɗin yana da kirki, kuma ba ni da yawan yabon abu. Ba ya cin data. Ba ya tsayar da kai ya nuna maka talla. Ba ya zuba maka dogon Turanci kafin a fara, kana dannawa mutumin ya kama gudu. In ka faɗa ruwa ba ya yi maka wa'azi, sai ya mayar da kai wurin tutar da ka wuce ta ƙarshe, ka sake. Zango shida ne gaba ɗaya, ni nakan gama su kafin la'asar. Kuma yana ƙarewa. Wannan ne ya fi min komai. A lokacin babu wani abu a rayuwata da ke ƙarewa: wanki ba ya ƙarewa, ciwo ba ya ƙarewa, masu cewa sannu ba sa ƙarewa. Wannan kuwa sai ka kai ƙarshe, a nuna maka akwatin zinare, a sallame ka.

Ran nan ina cikin bugawa sai na ji Baba a kafaɗata.

"Wane ne wannan?"

"Ɗan fashi ne. Na teku."

"Me ya samu hannunsa?"

"Oho. Haka aka zana shi."

Ya ƙura ido. Ƙugiyar a hannun dama take. Sai ya gyaɗa kai kamar alƙalin da ya gama sauraron shaidu.

"Haddi aka yi masa."

"Baba, zane ne fa."

"Ɓarawo ne, kin faɗa da bakinki. Hannun dama kuma. An kama shi an yanke, bai tuba ba."

Ban yi gardama ba. A cikin wasan, idan ƙarfin mutumin ya ragu, yakan tsinci cinyar nama ya kai baki. Da ya yi haka sai Baba ya yi tsaki.

"Kin gani ko? Da hagu. Wannan kike so in zama."

"Shi dai yana da ƙarfin tsalle. Kai ko tashi zaune sai an kama ka."

Na san magana ce mai zafi, kuma ban janye ta ba. Ya mayar da kallonsa katanga. Na ci gaba da wasana. Can sai ya ce, "Wancan ramin da kika faɗa, da wuri kike tashi. Ki bari ya kai baki."

Gaskiyarsa ce kuma.

Washegari na ɗora matashi a cinyarsa, na kwantar da wayar a kai. Na ce ya sa yatsan hagu ya riƙa tafiyar da mutumin, ni in riƙa tsalle da sara. Ya ce shi ba yaro ba ne. Ya sa yatsan. Mun yi muni ƙwarai. Baba yana tafiyar da ɗan fashin kamar mai kora shanu zuwa mashaya, a hankali, yana tsayawa duba hanya, ƙaguwa kuma ba ta jira.

"Baba, gaba! Gaba na ce!"

"Ina gani, Uwata."

"Ba ka gani, ga shi mun mutu."

"Ke kika yi tsallen banza."

Da gem ɗin mai tsawo ne ko mai wuyar sha'ani, da a ranar na ƙwace wayata. Ba ni da haƙuri, kowa ya san ni. Amma tuta ba ta da nisa da tuta. Duk mutuwar da za mu yi, taku kaɗan ne za mu maimaita, fushina bai gama tasowa ba mun riga mun koma. Muka yi kwana uku a haka. Kokonsa dai yake sha, tuwo yana komawa yadda ya zo.

A rana ta huɗu muna tsakiyar zango na biyu awaki suka shigo suka afka wa riɗin da na shanya. Na tashi da gudu na bi su da muciya, na kore su, na tattara abin da suka watsar, na ɗaure ƙyauren da igiya. Na ɗan jima. Da na juyo sai na ji ƙarar nan ta tsalle, ɗil, ɗil, ɗil.

Na tsaya daga bakin rumbu ina kallo. Baba ya sa hannun hagu ya kama wuyan hannunsa na dama, ya ɗauko shi kamar mai ɗauko ɗan tsako, ya ajiye a gefen wayar, ya gyara babban yatsan ya zauna daidai kan maɓallin. Hannun ya zame. Ya sake ɗauko shi ya ajiye. Yatsan ya motsa, kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Ɗan fashin ya yi tsalle a inda yake tsaye. Gumi yana bin wuyan Baba.

Na dawo na zauna. Na yi kamar ban gani ba. Da na kai hannu zan karɓi gefena sai ya ce, "Bari."

Abin da nake gamawa tsakanin azahar da la'asar, Baba sati biyu ya yi yana yinsa. Sara ya gagare shi, yatsan ba ya iya matsawa daga wannan maɓalli zuwa wancan, don haka ni ke sara, shi ke tafiya da tsalle, kawunanmu a haɗe a kan waya ɗaya. Kusancin da ban taɓa yi da shi ba tun ina ƙarama. Warin maganin shafawa, da numfashinsa na mai jin yunwa. Baffa ya same mu a haka wata rana ya ce, "Yaya, kai ma ka shiga sahun 'yan zamani?" Baba ya ce, "Ɓarawo nake rakawa gida, kauce min daga haske."

A zangon ƙarshe akwai wani ƙaton kyaftin mai baƙin gemu da ke harbo igwa sau uku, sai an tsallake duka ukun kafin a samu damar saransa. Kwana uku muna mutuwa a wurin. Yatsan Baba yana makara, kullum a harbi na uku. Na ce ya kawo in yi masa wannan kaɗai. Ya ce a'a. Na yi tsaki, na ce to mu kwana a nan. A rana ta huɗu, wata Laraba da hantsi, ya tsallake na ukun. Na sare kyaftin. Jirgin ya nutse, ɗan fashin ya fito gaɓa, ya buɗe akwatin zinare, ya zauna a kai yana cin cinyar namansa da hagu. Rubutu ya hau sama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Bai daɗe ba."

"Dama gajere ne."

Ya zauna yana kallon hannun nasa a kan matashi. Ya kama shi da hagu ya ɗaga, ya sauke. Ya sake ɗagawa har kusa da haɓarsa, ya sauke.

"Uwata, akwai tuwo?"

Akwai na jiya. Na ɗumama shi da miyar kuka, na sassauta shi da ruwa, na kawo, na kawo ruwan wanke hannu. Ya sa hagu ya ɗauko hannun dama ya tsoma a ruwan. Ya ɗauko shi ya ajiye a cikin kwano. Yatsun huɗu a lanƙwashe suke dama, tuwon ya shiga tsakaninsu, babban yatsan ya danne. Sannan hagu ya kama wuyan dama ya ɗaga shi zuwa baki. Rabin lomar ta faɗi a rigarsa. Rabin ta shiga.

Ya tauna a hankali, miya tana bin gefen bakin da ya karkace. Na kai tsumma zan goge, ya kawar da kai. Ya sake sauke hannun cikin kwano.

Ba zan ce gem ya warkar da shi ba. Hannun har yau bai dawo ba, babban yatsan ne kawai, sai ɗan manuni da ya fara motsi daga baya. Haka yake cin abinci har yanzu, hannu ɗaya ɗauke da ɗaya, kuma duk wanda ya tambaye shi zai ce da dama yake ci. Ya kai damina, ya wuce ta. Bai sake neman wasan ba, ni ma ban sake buɗe shi ba, ko da yake yana nan a wayar.

A ranar ina zaune ina jira in ji wani abu, farin ciki ko kuka, ko me dai mutane ke ji. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne rigar za ta sha wanki, kuma sabulu ya kusa ƙarewa. Ya ci kusan rabin kwanon, ya jingina da bango yana haki.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji shi.

"Likita ce ta hana."

"To gobe ki yi da ɗan tauri. Wannan zamewa yake."

Na ɗauki kwanon na zuba wa kaji sauran, na jiƙa rigar a bokiti.